Tambaya da Amsa: Sabis daga sama, wa zai amfana kuma wa zai riƙa biya?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Saƙonnin da suka shigo a wannan karon da yawansu akan abu ɗaya suke, wato tauraron ɗan adam da maganar kai sabis karkara, shi ya sa na haɗa su waje guda. Wasu na ɗan taƙaita su saboda fili, kuma kamar yadda muka saba ba ma sa sunan kowa.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne a Dawanau, hatsi nake saye da sayarwa, amma asalina ɗan wani ƙauye ne can ta wajen Doguwa kusa da dajin Falgore, iyayena da ƙannena duk suna can. Wallahi Malam har gobe in za ka yi kira a garinmu sai ka hau wani tudu a bayan gari, in kuma kuɗi na tura musu sai an hau mashin an tafi garin da kasuwa take ci kafin a samu mai POS. Ƙanena ya ce in sayi Starlink, na'urar nan ta intanet ta tauraro, a kafa a gidanmu shi kenan an wuce wurin. Na ce kafin in zuba kuɗina bari in tambayi masu sani. Shin zai yi aiki a can kuwa?

Amsa: Alhaji Allah ya ƙara buɗi, ya saka maka da alheri kan tunanin gida da kake yi. Ƙanenka bai yi ƙarya ba, na'urar za ta kama a garinku, in dai sama a buɗe take babu bishiya ko dutse da ya tare ta to za ta kama. Amma ni dai ba zan ba ka shawarar ka saya ka kai gidanku ku kaɗai ba, kuma bari in ɗauko maka maganar daga tushe.

Sabis ɗin da muke amfani da shi a nan cikin birni ba daga sama yake zuwa ba, duk da mutane da yawa haka suke zato. Yawancin intanet ɗin ƙasar nan ta ƙarƙashin teku yake shigowa, manyan wayoyi ne aka shimfiɗo daga Turai suka biyo gaɓar Afirka ta yamma suka fito a Legas, irinsu SAT-3 da MainOne da Glo-1 da WACS, daga Legas kuma a binne wayar faiba a bi gefen titi da ita har Kano, sannan a rarraba wa ƙarafunan sabis, ƙarfe kuma ya ba wayarka. In ka tuna ranar 14 ga Maris 2024, muna cikin azumi, da tiransifa ta ƙi tafiya manhajojin banki suka tsaya masu POS suka yi cirko-cirko, ai wasu daga cikin waɗannan wayoyin ne suka tsinke a teku ta wajen Kodebuwa.

To shi kamfani kafin ya kafa ƙarfe a gari lissafi yake yi. Kuɗin ƙarfen, janareta da gas ɗin da zai sha dare da rana, mai gadi, hanyar da motar mai za ta bi da damina, da yadda za a haɗa ƙarfen da sauran ƙarafuna, sai kuma ya duba mutum nawa ne a wurin kuma katin nawa suke sawa a wata. In lissafin bai fita ba ba zai zo ba, shi ya sa tun 2001 da aka fara wayar salula a Najeriya har yau akwai garuruwa irin naku da suke jira. A nan ne tauraro yake da rana, domin shi ba ruwansa da titi ko kogi ko dutse, daga rufin ɗaki sai sama, daga sama sai wata babbar tasha a ƙasa da take haɗe da faiba.

Iri biyu ne ya kamata ka sani. Akwai tsohon tsari, tauraro babba guda ɗaya can nesa, kusan kilomita 36,000 a saman tsakiyar duniya, yana juyawa daidai da juyawar ƙasa saboda haka daga nan kamar a tsaye yake cak, shi ya sa mai haɗa dish yake saita shi sau ɗaya ya ɗaure noti ya sauko. Irinsa ne ke kawo mana tashoshin talabijin, irinsa ne kuma bankuna suka daɗe suna haɗa rassansu da shi. Matsalarsa nisa, saƙo kafin ya je ya dawo da amsa sai ya ci sama da rabin daƙiƙa, kana magana da mutum sai ku riƙa cin karo. Sai sabon tsari irin na Starlink, ƙananan taurari dubbai a kusa, kamar kilomita 550, suna gudu suna zagaye duniya cikin kimanin awa ɗaya da rabi, wannan ya wuce wancan ya karɓa, shi ya sa ya fi sauri. A watan Janairun 2023 ya fara aiki a Najeriya, mu ne ƙasar farko a Afirka.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Abu na farko wanda masu talla ba sa faɗa, wannan na'urar intanet take bayarwa ta waifai, ba layin kira ba. Ƙaramar wayar madanni da ke hannun Baba da Inna ba za ta ga komai ba, sandar sabis ɗinta za ta ci gaba da zama babu ko ɗaya ko da dish ɗin a saman kansu yake. Sai mai babbar waya, shi ma kiran WhatsApp zai yi, kuma sai yana kusa da gidan domin waifai ba ya tafiya da nisa, in an wuce 'yan gidaje ya yanke sai an ƙara masa wasu na'urori. Ka ƙirga manyan wayoyi nawa ne a garinku kafin komai.

Sai kuɗi. Na'urar kanta dubban ɗaruruwa ce, wannan sau ɗaya ne ka iya, amma kuɗin wata shi ne aikin, ya haura rabin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, kuma kamfanin waje ne, in naira ta faɗi ka sa rai da ƙari. Duk watan da ba a biya ba an yanke. Shi ya sa abin ya zo da wani juyi mai ban takaici, fasahar da ta fi dacewa da mutumin daji mutanen birni ne suka fi saye, har ta kai a ƙarshen 2024 kamfanin ya dakatar da karɓar sababbin masu rajista na wani lokaci a manyan birane irinsu Legas da Abuja saboda sun cika, alhali sararin saman Doguwa a buɗe yake ba mai amfani da shi. Ga kuma wuta, tana cin kamar wat 50 zuwa 100 muddin tana kunne, ke nan sai farantin sola da batir da inbata, kuma a samu mai goge ƙurar faranti da hunturu.

Ni yadda nake kallon abin nan tamkar rijiyar burtsatse ne. Gida ɗaya a ƙauye ba ya haƙa wa kansa, gari ake haƙa wa, kuma duk mun san abin da ke kashe ta ba haƙawar ba ne, ranar da wata 'yar roba ta cinye ne ba a san wanda zai kawo kuɗin gyara ba. Na taɓa shiga wata makarantar sakandare a wajen gari inda aka yi musu ɗakin kwamfuta da dish shekarun baya, dish ɗin na nan a kan turakunsa ya yi tsatsa, tsuntsu ya yi sheƙa a hannun da ke riƙe da kan na'urar, batura a jere a ƙarƙashin tebur sun kumbura, kwamfutoci an lulluɓe su da leda, malamin da ya buɗe min ƙofar ya ce shekara ɗaya aka biya musu kuɗin intanet ranar da ta ƙare shi ke nan ba wanda ya sake waiwayar su. Tauraron nan yana sama lafiya lau yana aiko da sigina kan wannan rufin har yau.

Saboda haka Alhaji in za ka yi, ka tara 'yan garinku mazauna Kano, na san ba za ku rasa ƙungiya ba, ku zauna da mai gari. A kafa ta a inda jama'a ke taruwa, asibitin gari ko makaranta ko bakin kasuwa, a sa mai POS da mai cajin waya a jikinta domin su ne za su fi kowa kula da ita tunda abincinsu na nan. A misali in kuɗin wata 60,000 ne kuka samu mutum 60 ka ga kowa 1,000 ke nan. Ku dai bincika sharuɗɗa, tsarin gida daban na kasuwanci daban, kuma sayar wa jama'a intanet a matsayin sana'a sai da lasisin hukumar kula da sadarwa ta NCC.

Amma abin da ya fi wannan a wurina shi ne ƙaramin ƙarfen sabis mai sola wanda ake haɗa shi da tauraro maimakon faiba, akwai kamfanonin da ke kafa irinsa a ƙauyukan Afirka har da Najeriya tare da manyan kamfanonin waya, shi kam wayar madanni ma tana kamawa, a yi kira a ga alat. Akwai asusun USPF a ƙarƙashin NCC wanda dokar sadarwa ta 2003 ta tanada musamman domin wuraren da kamfanoni ba sa ganin riba. Ku rubuta takarda da sunan gari da yawan jama'a da ranar kasuwa da nisan ku da ƙarfe mafi kusa, ku bi ta hannun shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisarku na tarayya, kuma ku yi ta bibiya kar ku gaji, haƙƙinku ne ba alfarma ba.

Tambaya: Ni tsohon malamin makaranta ne a Yakasai, na yi ritaya. Shekarun baya mun ji a rediyo Najeriya ta harba tauraronta, daga baya aka ce ya ɓata a sama. Yau kuma na wani kamfanin Amurka ake ta talla. Ina namu ya shiga, ko kuɗin ne suka bi iska?

Amsa: Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Labarin da kuka ji gaskiya ne amma rabinsa ne. An kafa hukumar sararin samaniya ta NASRDA a 1999, a watan Satumbar 2003 aka harba NigeriaSat-1 daga Rasha, wanda wani kamfanin Ingila ya ƙera, shi na ɗaukar hoton ƙasa ne ba na sadarwa ba. Na sadarwar shi ne NigComSat-1, China ta ƙera ta harba a watan Mayun 2007, sai a Nuwambar 2008 fikafikansa na sola suka samu matsala wuta ta ɗauke masa, shi ne wanda aka ce ya ɓata. Yana da inshora, da ita aka ƙera madadinsa NigComSat-1R aka harba ranar 19 ga Disambar 2011, kuma kamfanin gwamnati na NIGCOMSAT a Abuja ke tafiyar da shi. A shekarar 2011 ɗin dai aka harba wasu biyu na hoto, NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X, na biyun injiniyoyinmu ne suka haɗa shi da hannunsu lokacin da suke karɓar horo a Ingila.

Abin da ya kamata mu sa wa ido shi ne shekaru. An ƙera NigComSat-1R ne ya yi shekara 15, Baba ku ne malaman lissafi ku ɗora a kan 2011. Tauraro man da yake gyara tsayuwarsa da shi yana ƙarewa, kuma ba a hawa a ƙara masa, sai dai a harba wani.

Ni ra'ayina ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 bai dace ta jingina sadarwar asibitocinta da sojojinta da makarantunta gaba ɗaya a hannun kamfanin waje guda ɗaya ba, wanda zai iya ƙara kuɗi ko ya kashe ranar da ya ga dama. A yi amfani da nasu tunda yana da sauri, amma a riƙe namu. Inda muka gaza ba wajen harbawa ba ne, wajen saukar da amfanin ne zuwa ƙasa, in da tun 2012 aka sa kowace sakatariyar ƙaramar hukuma cikin 774 da manyan asibitocin karkara a kan wannan tauraro aka kuma ware kuɗin kula da su duk shekara, da yau ba ku yi wannan tambayar ba domin da kun gani da idonku. Yanzu an fito da shirin haɗa sakatariyoyin 774 ɗin, Allah ya sa a ɗore.

Kuma tunda ku masu tarihi ne bari in tuna wa yara wani abu. Kano ba baƙuwa ba ce a harkar nan. A farkon shekarun 1960 hukumar NASA ta Amurka tana da tashar bibiya a nan Kano, tana cikin jerin tashoshin da suka bi sawun ɗan sama jannati John Glenn lokacin da ya zagaye duniya sau uku a watan Fabrairun 1962. Sannan hirar waya ta farko ta tauraro tsakanin shugabannin ƙasashe biyu, ranar 23 ga Agustan 1963 aka yi ta, tsakanin shugaba Kennedy da Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, ta tauraron Syncom 2 da wani jirgin ruwa da ke tsaye a tashar Legas. Allah ya jiƙan mazan jiya.

Tambaya: Malam ni ma'aikaciyar lafiya ce, a Kano nake zaune amma a wani ƙaramin asibitin ƙauye nake aiki. Gaskiya maganar tauraron nan haushi take ba ni. Inda nake wani lokacin da fitilar waya muke karɓar haihuwa, magani ba ya isa, yara ga tamowa. Wanda bai ci ya ƙoshi ba me zai yi da intanet? Ba gara a sayo magani da kuɗin ba?

Amsa: Malama sannu da ƙoƙari, Allah ya biya ku, kuma haushinki yana kan hanya. In aka ce min in zaɓa wa asibitinki tsakanin wuta da intanet wallahi wuta zan zaɓa ba tare da wani tunani ba, in tsakanin magani ne da intanet magani zan zaɓa. Duk wanda ya zo ya kafa dish a asibitin da ba fitila ba ruwa ya ɗauki hoto ya tafi, ba ku ya yi wa aiki ba.

Sai dai ki duba wani abu. Daren da naƙuda ta zo da gardama, jini ya ɓalle ko jijjiga ta kama mace, abin da kike buƙata bayan abin da ke hannunki shi ne ki kira mota, ki kira babban asibiti a ce ga mu nan a tanadi jini, ki samu likita ya ce ba ta kaza kafin ku taso. In sai an hau tudu ake kira to wannan rabin awar daga ran matar ake cire ta. Haka maganin da ya ƙare, sau da yawa yana can a sito a birni, rahoton cewa ya ƙare ne bai isa da wuri ba. Kuma solar da za a kafa domin na'urar sadarwa in an yi ta da ɗan girma ita ce za ta ba ki fitila ta riƙe firjin rigakafi, shi ya sa nake cewa a riƙa kawo su tare a matsayin abu ɗaya.

Kin ma riga kin ci amfanin tauraro a aikinki. Lokacin yaƙi da shan inna, da taswirar hannu ake fita rigakafi, mai unguwa ya zana abin da ya tuna, sai aka koma amfani da hotunan tauraro aka zana taswirar mazaɓu a Kano da sauran jihohin arewa, sai ga rugage da ƙananan unguwanni da ba sa cikin kowace takarda, ba a taɓa kai musu ɗigo ba. Aka kuma riƙa ba tawagogi waya mai nuna inda suka taka, da yamma a duba a ga layin da aka tsallake a koma washegari. Ba wannan kaɗai ya yi aikin ba, sarakuna da malamai da mata irinki masu bi gida-gida su ne ƙashin baya, amma ya taimaka ƙwarai. Yaro na ƙarshe da ainihin ƙwayar cutar ta daji ta kama a jihar Kano a Sumaila ne cikin Yulin 2014, a watan Agustan 2020 kuma aka tabbatar Afirka ta rabu da ita.

Ita ma tamowar da kika ambata daga gona take farawa. Hasashen damina da hukumar kula da yanayi ta NiMet ke fitarwa duk farkon shekara, ranar da ake sa ran ruwa zai sauka da ranar ɗaukewarsa, da taimakon bayanan tauraro ake yin sa, haka cibiyar AGRHYMET da ke Yamai wadda aka kafa a 1974 bayan babban farin nan na Sahel tana bibiyar ruwa da ciyawa da fara daga sama. A arewacin Kenya tun 2010 aka fara wa makiyaya wata inshora wadda ba sai an zo an ƙirga mushe ba, tauraro ne ke auna koren ciyawa, in ya faɗi ƙasa da wani mizani sai a biya. Matsalarmu bayanin yana tsayawa a ofis da Turanci. Manomin Kura ko Bunkure, ko wanda gonarsa ke bakin kogin Haɗeja inda ambaliya ke cinye shinkafa, a rediyo da Hausa yake buƙatar jin sa, kuma a kan lokaci.

Indiya ta gwada wani abu da nake so mu koya. Daga 1975 zuwa 1976 ta ari tauraron ATS-6 na Amurka na shekara ɗaya, ta kai akwatin talabijin na taron jama'a ƙauyuka kusan 2,400, ana nuna shirin noma da lafiya da darasin yara da harsunan mutanen wurin, kowane akwati da wanda aka damƙa wa kula da shi, da masu gyara da ke zagayawa. Lokacin Indiya talaka ce sosai, kuma an yi musu irin tambayar da kika yi. Abin da ya sa nasu ya yi ma'ana sun fara da tambayar me ɗan ƙauye ke buƙatar sani, sannan suka nemo na'ura.

Tambaya: Malam don Allah me ya sa da hadari ya haɗo sai dish ɗinmu ya ɗauke muna tsakiyar kallo? Uwargida daga Kurna.

Amsa: Hajiya ruwan da ke cikin hadarin ne yake shanye siginar kafin ta iso, musamman ƙananan dish ɗin nan, manyan na da masu kama da raga sun fi jurewa domin zangon da suke kamawa daban ne. In ruwa mai ƙarfi ne ki yi haƙuri zai dawo da kansa in ya tsagaita. Amma in ɗan yayyafi ma yana ɗauke shi to saitin ne ya goce ko ruwa ya shiga mahaɗar waya, a kira mai gyara ya sake saitawa ya naɗe mahaɗar da kyau. In ana tsawa kuma a zare risiba daga wuta a cire wayar dish ɗin. Intanet na tauraro ma haka yake yi da ruwa mai ƙarfi, masu shirin kafawa a asibiti su san da wannan.

Tambaya: Ni ɗan Zamfara ne ina karatu a Kano. Malam ba ka ganin in abin nan ya yaɗu 'yan bindiga ne za su fi kowa morewa a daji?

Amsa: Ɗan'uwa Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Tsoronka gaskiya ne, na'ura ba ta san mutumin kirki ba, kuma mai kuɗin fansa a hannu ya fi manomi ƙarfin saye. Ba yau aka fara wannan damuwar ba, a 2013 sojoji sun hana amfani da wayar tauraro ta Thuraya a Borno saboda wannan dalilin. Amma kai ganau ne kan abin da ya faru a Satumbar 2021 da aka rufe sabis a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, mutane suna tafiya wata jiha domin su yi kira ɗaya ko su cire kuɗi, kasuwanci ya tsaya, wanda aka kawo wa hari bai da hanyar sanar da kowa, kuma da aka buɗe matsalar tana nan. Ni abin da na ɗauka daga wannan shi ne duhun sadarwa talaka ya fi cutarwa, domin ɓarawo yana da mashin yana da masu kai masa labari, ɗan gari kuwa wayar nan ita ce kururuwarsa. Abin da ya dace shi ne kowace na'ura a san mai ita, a yi mata rajista da lambar NIN kamar layin waya, a tsaurara kan masu shigo da ita ta bayan fage ta kan iyaka, kuma hukuma ta samu hanyar sa kamfani ya kashe wadda aka tabbatar tana hannun miyagu, tunda kamfanin ya san inda kowace take.

Tambaya: Yaya ni ina gyaran waya a Farm Centre, ina so in koyi wannan harkar, ta ina zan fara?

Amsa: Ƙanena ka yi tunani mai kyau, irinku ake nema. Ka fara da sola kafin dish, domin yawancin wuraren da na ga sun mutu wuta ce ta kashe su, ka iya lissafin faranti da batir daidai da kayan da za a ɗora, ka san yadda ake binne ƙarfen kariya daga tsawa. Bayan nan ka liƙe wa wani tsohon mai haɗa dish a Sabon Gari ko Beirut Road ko da wata shida ne, ka koyi saiti da matse kan waya yadda ruwa ba zai shiga ba. Sannan ka koyi rarraba waifai, yadda ake miƙa shi daga gini zuwa gini, da yadda ake yanka wa kowa rabonsa don kar mutum ɗaya mai sauke bidiyo ya shanye na gari gaba ɗaya, da yadda ake yin katin shiga na awa ko na yini. In ka je kafawa a ƙauye kar ka karɓi kuɗin aiki kawai ka juyo, ku yi yarjejeniyar zagayowa duk wata uku a rubuce, ka zaɓi yaro ɗaya mai natsuwa a garin ka nuna masa goge faranti da duba ruwan batir da kashewa da kunnawa, ka bar musu fiyus da ɗan guntun waya na ko-ta-kwana. Kuma don Allah kar ka hau rufin kwano da tsakar rana ko bayan ruwa babu wanda ya riƙe maka tsani.

Masu tambaya kan batirin lithiyum da na ruwa wanne ya fi dacewa da zafin Kano, saƙonninku sun iso, su za mu ɗauka a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.